Yadda Aka Yi Gwanjon Tashoshin ITV, Da Abin Da Ya Haɗa Shi Da Wayar Da Ke Hannunka

Idan ka taɓa ɓata datarka kana kallon tsofaffin bidiyon Mr. Bean, to ka ci moriyar wani kamfanin talabijin na Landan mai suna Thames. Shi ya fara saka shirin a ranar 1 ga Janairun 1990. Shekara uku bayan nan, a daren 31 ga Disambar 1992, Thames ya yi sallama da masu kallonsa aka sauke shi daga iska. Kamfanin na cin riba a lokacin, kuma shirye-shiryensa na cikin waɗanda aka fi kallo a Birtaniya. Lasisinsa kawai aka saka a gwanjo, wani ya fi shi tayi.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwansa da rigimar Turawa ta shekara talatin da suka wuce, shi da ko akwatin talabijin ba ya kunnawa. Ruwanka a ciki shi ne tambayar da suka yi ta kokawa da ita tun 1955, wadda yanzu ta dawo cikin wayarka: wa ke da ikon zaɓar abin da zai bayyana a kan allo, kuma idan ya yi watsi da garinku da harshenku, wa zai iya karɓe ikon daga hannunsa? Ra'ayina shi ne tsohon tsarin ITV, duk da aibobinsa, ya gano abu ɗaya da muke neman mantawa. Duk wanda aka ba ƙofar shiga idon jama'a, aro aka ba shi, kuma aro yana da ranar mayarwa.

Yadda aka yanka ƙasa gida-gida

Kafin 1955, BBC kaɗai ke da talabijin a Birtaniya, kuma ba ta saka talla. Dokar talabijin ta 1954 ta ba da damar buɗe tashar kasuwanci da za ta rayu da kuɗin talla, aka kafa hukuma mai suna ITA don ta sa ido. Abin da ya bambanta tsarin shi ne ba a miƙa tashar ga kamfani ɗaya ba. An yanka ƙasar yanki-yanki, kowane yanki aka ba wani kamfani lasisi na wasu shekaru. Manyan yankuna ma an raba musu mako biyu, wani ya riƙe Litinin zuwa Juma'a, wani ya riƙe Asabar da Lahadi, don kada mutum ɗaya ya yi kane-kane.

A ranar 22 ga Satumbar 1955 aka fara a Landan da Associated-Rediffusion da ATV. A 1956 Granada ya buɗe a Manchesta. Daga nan sauran suka biyo: Scottish Television a 1957, TWW da Southern a 1958, Tyne Tees da Anglia da Ulster a 1959, Westward da Border da Grampian a 1961, sai Channel a 1962. Dukansu tare ake kira ITV. Suna musayar manyan shirye-shirye a tsakaninsu, amma kowa da tambarinsa, da situdiyonsa, da masu gabatarwarsa, da labaran yankinsa.

Dalilin bayar da lasisi mai wa'adi a fili yake. Zangon da ake watsa shiri a kansa kaɗan ne, kuma mallakar jama'a ne. Wanda ya samu lasisi shi kaɗai ke sayar da tallan talabijin a duk yankinsa, ba shi da kishiya. Roy Thomson, mai Scottish Television, ya taɓa kwatanta abin da samun izinin buga kuɗi. To kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin a nan shi ne labaran yanki, shirye-shiryen yara, na ilimi, na addini, na bin diddigi, da kuma yin aikin a cikin yankin da mutanen yankin.

Wannan sharaɗi ya haifar da abubuwan da Landan ita kaɗai ba za ta haifar ba. Granada ya fara Coronation Street a Disambar 1960, wasan kwaikwayo kan talakawan unguwa masu magana da karin harshen arewacin Ingila, kuma har yau ana yin sa. Shi ne kuma ya yi World in Action, shirin bincike wanda rahotanninsa daga 1985 suka taimaka wajen wanke mutum shida da aka ɗaure bisa kuskure kan harin bam na Birmingham, aka sake su a 1991.

Lokacin da hukuma ke iya cewa tattara kayanka

Sharaɗin da ba shi da hukunci shawara ce kawai. Abin da ya ba tsarin haƙora shi ne lokaci-lokaci ana sake buɗe lasisin, kowa ya nema, har da mai riƙe da shi.

A 1967, ƙarƙashin shugabancin Lord Hill, hukumar ta girgiza kowa. TWW, mai kula da Wales da yammacin Ingila, ya rasa lasisinsa ga sabon kamfani mai suna Harlech, wanda ya zo da fitattun 'yan Wales irin su jarumi Richard Burton. Cikin abin da aka riƙe TWW da shi har da cewa daga Landan ake juya shi. Haushi ya sa bai jira ƙarshen wa'adinsa ba, ya rufe a watan Maris na 1968. A Landan kuma aka tilasta wa Rediffusion da ABC su haɗa hannu su kafa kamfani ɗaya, aka ba ABC rinjaye. Wannan auren dole shi ya haifi Thames. Aka kuma yanke Yorkshire daga yankin Granada aka ba ta tasharta.

A ƙarshen Disambar 1980 aka sake yin wani zagayen, wanda ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 1982. A lokacin hukumar ta koma IBA. Southern ya faɗi, TVS ya karɓa. Westward, da rikicin shugabanni ya dabaibaye, ya faɗi, TSW ya karɓa. Amma wanda ya fi koyar da darasi shi ne ATV na Lew Grade. Lasisinsa na tsakiyar Ingila ne, amma babban situdiyonsa na Elstree, a bakin Landan, inda ake yin shirye-shiryen sayarwa Amurka irin su The Muppet Show. Hukumar ta ce idan yana son ci gaba sai ya canja suna, a sayar da kashi 49 cikin ɗari na hannun jarinsa, ya kuma tare a yankin da aka ba shi. Haka aka samu Central, aka gina sabon situdiyo a Nottingham, mutanen garin suka samu aiki.

Ka tsaya ka auna wannan. Kamfani mai kuɗi, mai suna a duniya, an ce masa ya kwashe kayansa ya koma cikin mutanen da yake cin kuɗin tallansu, kuma ya koma. Yau wace hukuma ce a duniya ke iya gaya wa manhajar da ka fi buɗewa irin wannan magana?

Tsohon tsarin ma yana da nasa ciwon

Kada a ɗauka wancan zamani aljanna ce. Mutane kaɗan ne ke zama a ɗaki su yanke hukunci, ba sa bayar da cikakken dalili, kuma wanda aka kayar ba shi da wata ƙofar ɗaukaka ƙara ta kirki. Wanda ya iya tsara alƙawari a takarda yana iya kayar da wanda ya yi shekara goma yana aiki. London Weekend, da David Frost ke cikin waɗanda suka kafa, ya ci lasisi a 1967 da alƙawarin shirye-shirye masu nauyi. Da aka fara, masu kallo suka watse, aka kori shugaban kamfanin a 1969, manyan ma'aikata suka bi shi, har sai da Rupert Murdoch ya shigo da kuɗi kafin hukumar ta taka masa burki. Akwai kuma kamfanin da aka ba yankin da ba zai iya ciyar da shi ba: WWN na yammaci da arewacin Wales ya buɗe a 1962, kafin 1964 ya durƙushe.

Rashin kishiya a kasuwar talla ya kuma sa kashe kuɗi ya yi yawa, ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ƙarfi sosai. A 1979 yajin aiki ya rufe kusan dukan ITV na tsawon mako goma. Wannan ne ya ba gwamnatin Margaret Thatcher hujjar cewa gidan na bukatar gyara. Ana iya yarda da ita cewa akwai ciwo. Maganin da ta kawo shi ne abin dubawa.

Gwanjon 1991

Dokar watsa labarai ta 1990 ta rushe IBA ta kafa ITC, ta kuma canja yadda ake bayar da lasisi. Kowane mai nema zai rubuta adadin kuɗin da zai riƙa biyan baitulmali duk shekara, ya rufe a ambulan. Wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Bayan an yi ta ce-ce-ku-ce aka ƙara sharaɗi biyu: sai ka tsallake jarrabawar inganci kafin a duba tayinka, kuma hukumar na iya ƙin tayin da ta ga kamfani ba zai iya ɗauka ba. Masu nema 40 suka fito kan lasisi 16. Aka sanar da sakamako a ranar 16 ga Oktobar 1991.

Ga yadda lissafin ya fita. Carlton, wanda bai taɓa gudanar da tasha ba, ya saka kusan fam miliyan 43, Thames ya saka kusan miliyan 33, Thames ya faɗi. TVS ya saka kusan miliyan 60 don ya tsira, hukumar ta ce ya yi tayin da zai kashe shi, ta ba Meridian mai miliyan 36 da rabi. TSW ya saka miliyan 16, shi ma aka ce ya zarce, aka ba Westcountry mai ƙasa da miliyan 8. Granada ya saka miliyan 9 kacal, abokin takararsa ya saka miliyan 35, amma abokin ya faɗi jarrabawar inganci, Granada ya wuce. Yorkshire ya ɗaura wa kansa sama da miliyan 37 a shekara. Central kuwa, mai ɗaya daga cikin yankuna mafi tsoka a ƙasar, ya gano ba wanda zai kara da shi, sai ya rubuta fam 2,000. Scottish ma fam 2,000. Duka biyun suka samu.

Wato maƙwabta biyu masu sana'a iri ɗaya, ɗaya na biyan fam dubu biyu, ɗaya na biyan miliyan talatin da bakwai, ban da kason kuɗin talla da ke kan manyan yankuna. Cikin lasisi 13 da aka yi takara a kansu, biyar ne kawai suka tafi ga wanda ya fi tayi. An ce za a kawar da son ran 'yan hukuma a bar kasuwa ta yi hukunci. A ƙarshe hukumar ce dai ta yanke mafi yawan hukuncin, sai dai yanzu an ƙara caca a kai. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Ita kanta Thatcher, wadda ta riga ta sauka daga mulki, ta ɗanɗana. TV-am, tashar safe da take yabo saboda yadda shugabanta Bruce Gyngell ya murƙushe yajin aikin ma'aikata, ta saka kusan miliyan 14, wani sabon kamfani da ya zama GMTV ya saka sama da miliyan 34 ya ɗauke. Thatcher ta rubuta wa Gyngell wasiƙar jaje tana nuna baƙin cikinta, tana kuma amsa cewa dokar tata ce.

Akwai wani zargi da har yau bai mutu ba. A watan Afrilun 1988 Thames ya watsa wani shirin bincike mai suna Death on the Rock, kan yadda sojojin Birtaniya na musamman suka harbe 'yan ƙungiyar IRA uku a Jibralta, inda shaidu suka ƙaryata bayanin gwamnati. Gwamnati ta nemi a dakatar da shirin, IBA ta ƙi. Binciken da aka yi daga baya ya wanke shirin a mafi yawan abin da aka zarge shi. Bayan shekara biyu aka rushe IBA, bayan uku Thames ya rasa lasisi. A lissafi, Carlton ya fi shi tayi kuma ya ci jarrabawar inganci, don haka doka aka bi. Amma duk ɗan jaridar da ya ga abin da ya faru ya karanta saƙon da kansa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wannan ma darasi ne: ikon ƙwace lasisi makami ne, kuma ya danganta da hannun da ke riƙe da shi.

Kashin dankali

Babbar ɓarnar ta zo bayan gwanjon. Tunda lasisi ya zama abin da kuɗi ke saya, sai ya zama abin da kuɗi ke iya sake saya. Gwamnati ta sassauta dokar mallaka, manya suka fara danne ƙanana. Yorkshire da Tyne Tees, da nauyin tayinsu ya danne, suka haɗe tun 1992. A 1994 Carlton ya saye Central, Granada ya ƙwace LWT ba da son shugabanninsa ba, masu Meridian suka saye Anglia. A 1996 Carlton ya ɗauke Westcountry. A 1997 Granada ya haɗiye Yorkshire da Tyne Tees, Scottish ya haɗiye Grampian. Zuwa 2001 dukan lasisin Ingila da Wales na hannun kamfani biyu, Carlton da Granada.

Ka lura da abin da ya faru. Hukuma ta ɓata watanni tana tantance wanda ya cancanci kowane yanki, cikin 'yan shekaru duk zaɓin nata ya zama tarihi, domin wanda ya faɗi jarrabawa ko bai ma zauna ta ba yana iya sayen wanda ya ci. Carlton da Meridian ya kayar a kudu bai bukaci wata jarrabawa ba kafin ya mallaki Central.

Kamfanonin biyu suka zuba makudan kuɗi a ITV Digital, suka yi alƙawarin fam miliyan 315 don nuna wasannin ƙananan rukunan ƙwallon Ingila, abin ya rushe a 2002 ya bar kulob-kulob da dama cikin bashi. A watan Oktoban shekarar aka cire sunayen yankuna daga allo a Ingila, aka koma ITV1. A Fabrairun 2004 Carlton da Granada suka zama kamfani ɗaya, ITV plc. Situdiyon Nottingham da aka tilasta ginawa aka rufe shi aka sayar wa jami'a. A 2009 aka rage shirye-shiryen labaran yanki daga 17 zuwa 9, aka rufe situdiyon Plymouth aka koma karanta labaransu daga Bristol, na Carlisle kuma daga Gateshead. World in Action ya riga ya tsaya tun 1998. Channel ya shiga hannun ITV plc a 2011, UTV na Ireland ta Arewa a 2016. Cikin kamfanoni 15 na yankuna, STV na Sikotland kaɗai ya rage da kansa. Tun 1991 kuma ba a sake buɗe takarar lasisin yankuna ba, sabuntawa kawai ake yi.

Inda labarin ya ratsa ta Kaduna

Wannan tarihi ya taɓa mu kai tsaye ta wata kusurwa. Talabijin a Najeriya ma da tsarin yanki ta fara, kuma da hannun kamfanonin nan. WNTV ta Ibadan, da aka buɗe a 1959, haɗin gwiwa ce da wani kamfani daga dangin Rediffusion. Da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, cikin abokan aikinta na Ingila akwai Granada ɗin nan na Manchesta, tare da EMI. A 1977 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tattara dukan tashoshin ƙarƙashin NTA. Abin da kasuwar hannun jari ta yi wa Birtaniya cikin shekara goma, dokar soja ta yi mana shi da sa hannu ɗaya. Sai da tsarin mulkin 1979 ya sake buɗe ƙofa jihohi suka kafa nasu, irin CTV ta Kano da ake kira ARTV a yau, sannan dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa dama. Hanyoyin sun bambanta, amma wanda ke nesa da hedikwata shi ke fara ɓacewa daga allo a duka biyun.

Ai ko ba gwanjo da sun mutu

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina, kuma tana da gaskiya a ciki. Sky ta fara watsa shiri ta tauraron ɗan'adam a 1989. Tashoshi suka ƙaru daga huɗu zuwa ɗaruruwa, sannan intanet ta zo ta kwashe kuɗin talla. Kamfani 15, kowa da gininsa da motocinsa da ma'aikatansa, ba za su iya karawa da Google da Netflix a warwatse ba. Ko da Thatcher ba ta taɓa komai ba, wasu za su haɗe.

Na yarda za a haɗe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa dole sharuɗɗan su tafi tare da tambarin. Haɗa ofishin talla da na albashi daban, rufe ɗakin labaran gari daban. Kuɗin da gwanjon ya riƙa kwashewa zuwa baitulmali duk shekara kuɗi ne da ba su shiga shiri ba, a daidai lokacin da kishiyoyi ke shigowa. Kuma duk ɗan abin da ya rage na labaran yanki a ITV yau, ya rage ne saboda yana rubuce a lasisin da hukumar Ofcom ke riƙe da shi. A 2013 ma an dawo da wasu shirye-shiryen yanki da aka haɗe a 2009, har da na mutanen Border, a tattaunawar sabunta lasisi. Inda aka rubuta sharaɗi, wani abu ya tsira. Inda aka bar wa kyakkyawar niyyar kamfani, ya tafi.

Yanzu duba wayarka

Manhajojin da suka gaji talabijin ba su da yanki, ba su da wa'adi, ba su da ranar da za su zauna gaban kowa su kare abin da suka yi wa garinku. Suna cin kuɗin talla da idonka da datarka, amma babu takardar da ta ce sai sun ɗauki masu tace bayanai da ke jin Hausa sosai, ko su zuba wani kaso a shirye-shiryen gida. Idan sun yi, alheri ne. Idan sun fasa, ba mai tambaya.

Kuma suna fasawa. A Janairun 2018 YouTube ta sanar cewa sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ka ci kuɗin talla, ƙananan masu tashoshi da yawa suka wayi gari an cire su. A Agustan 2023 Meta ta toshe labarai a Facebook da Instagram a Kanada saboda rigima da gwamnati kan biyan kuɗi, a daidai lokacin da gobarar daji ke korar mutane daga garuruwansu suna neman labarin hanya. A Janairun 2024 Prime Video ta dakatar da ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afirka, bayan masu shirya fim a Najeriya sun fara gina lissafinsu a kanta. Da ATV ne ya yi irin wannan a 1980, da ya san akwai ranar hisabi.

Ba ina kiran a ba gwamnati wuƙa da nama a kan intanet ba ne. Labarin Thames ya isa gargaɗi, mu ma kuma mun ga namu: an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 bayan ya goge wani saƙon shugaban ƙasa. A Agustan 2022 hukumar NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi sama da 50 kan bashin kuɗin sabuntawa, kafin a ja da baya. Lasisin da ake ƙwacewa don an ɓata wa mai mulki rai, ko don kuɗi kawai, ya ɗauko mafi munin abin da ke cikin tarihin ITV ya bar mai kyan.

Mai kyan abu uku ne. Na farko wa'adi, ranar da kowa ya san za a zauna a duba. Na biyu sharuɗɗa a rubuce a fili, waɗanda ɗan makaranta zai iya karantawa ya ce an cika ko ba a cika ba. Na uku alƙalin da ba ɗan aiken fadar gwamnati ba, wanda ke bayar da dalilinsa a rubuce kuma kotu na iya warware hukuncinsa. Sai ƙari ɗaya da 1991 ta koyar: idan kamfani ya sayi mai lasisi, ya sayi alƙawuransa duka. Wasu ƙasashe sun fara ɗora irin wannan a kan manhajoji. Tarayyar Turai tun 2018 ta wajabta wa masu irin Netflix cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na abin da ke rumbunsu ya zama na Turai. Birtaniya ta yi doka a 2024 da za ta sa manhajojin tashoshin da ke da nauyin jama'a su fito a gaba-gaba a talabijin masu intanet.

Gwanjon iska ma bai ƙare ba, ya dai canja kaya. A Disambar 2021 hukumar NCC ta yi gwanjon zangon 5G, MTN da Mafab suka ci a kan dala miliyan 273.6 kowanne. Washegari adadin kuɗin ne ya cika kanun labarai, kamar yadda fam miliyan 43 na Carlton ya cika su a 1991. Tambayoyin da suka fi shafar mai waya a Gusau ko Azare ba su samu wannan kulawa ba: wane gari aka ɗora wa kamfani ya kai sabis, zuwa wace shekara, wa zai auna, me zai faru idan bai kai ba, kuma idan aka sayar da kamfanin gobe alƙawarin na nan ko ya bi ruwa? Duk lokacin da ka ji an yi gwanjon zango, ko ana muhawarar dokar kafofin sada zumunta a majalisa, waɗannan ne abin nema a cikin takardar. Mutanen Plymouth da Carlisle sun gane muhimmancinsu ne bayan an riga an kashe fitilun situdiyon garinsu.